Baƙin Bel ɗin Shinkafi

Duk wanda ya taɓa zama a bencina ya sha shayin safe a Kaura Namoda ya san labarin baƙin bel ɗin Armiya'u mai hatsi. Ni Magaji, mai teburin, shekara goma sha bakwai ina jin sa, har na kai in ya ɗauko daga farko ina iya ƙarasa masa ina yanka burodi. Wai yana saurayi a Shinkafi ya shiga makarantar kareti ta wani Masta Abbati, wata uku kacal aka ɗaura masa baƙin bel, abin da wasu ke shekara goma suna nema. Wai ya fasa bulo uku da gefen hannu. In akwai baƙo a benci, bulon kan koma bakwai. Wata safiya da direbobin Gusau suka cika wurin sai da ya kai goma sha biyu, har wani jaki da ke tsaye kusa ya suma don firgita.

Mu dai ba mu taɓa ganin ya fasa komai ba sai ƙosai. Bel ɗin kuwa yana can ƙasan akwati da kafur, ba ya fitowa. Shi Armiya'u mutum ne gajere mai tumbi, irin tumbin da kan riga mai shi shiga ɗaki. Ba shi da mugunta ko kaɗan, bakin ne dai ba shi da burki.

Abin da ya ɓata mana wannan zaman lafiya shi ne dawowar wani matashi, Koci Sagir, daga Kaduna. Ya karɓi tsohon siton gyaɗa da ke bayan tashar jirgi, ya share, ya shimfiɗa katifu, ya buɗe makarantar judo, irin kokawar nan da ake kama rigar mutum a kayar da shi. Cikin waɗanda suka fara shiga har da Mubashir mai gyaran babur, mijin Asiya, 'yar Armiya'u. Mubashir yaro ne mai kunya. In ya hango surukinsa daga nesa zai kashe babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin titi ko da taɓo ne a wurin. Wata takwas yana zuwa siton nan bai fasa ba, ya samu bel mai ruwan ɗorawa, aka kuma sa sunansa cikin waɗanda za su je gasa a Gusau.

Ni na tsokano maganar, ba zan ɓoye ba. Na miƙa wa Armiya'u kofinsa na ce, "Ga sana'arku ta zo har gida. Ba ka leƙa su?"

Ya kurɓa, ya ajiye kofi a hankali. "Leƙawa? Ai taimako za ni kai musu. Yaron ga kocin nasu, shekarunai nawa? Sadda anka ɗaura min baƙi ko wando bai iya sawa da kainai ba. In na tahi, mataimakin koci za su naɗa ni, in ma ba su bar min wurin dut ba."

Kafin la'asar rabin gari ya ji an naɗa shi.

Ya fara da kayan sawa. Yaran makarantar wani farin yadi mai kauri suke sawa, amma Armiya'u ya ce wannan na yara ne. Ya yanko farar shadda ya kai wa tela, ya ce a yi masa aiki a wuya da bakin hannu don a bambance babba da ƙanana. Daga nan ya kai wa mai wanki a zuba sitati a buga. Da kayan suka dawo, in ka ajiye rigar tsayawa take da kanta.

Ranar Litinin bayan la'asar ya sa su, ya fito da bel ɗin daga akwati, muka nufi sito, shi a gaba yana ƙamshin kafur, ni a baya. Bel ɗin ya koɗe ya koma kamar ruwan toka, kuma da ƙyar ya zagaye shi, ƙullin ɗan mitsitsi a ƙarƙashin tumbi. Yana tafiya shaddar na ƙara kamar ana taka busasshen kara.

Koci Sagir ya tarbe mu da girmamawa, ya saurari labarin Shinkafi tun daga farko har bulo na tara. Sannan ya ce, "Baba, mun gode. Amma wannan bel ɗin kareti ne, mu kuma judo muke yi. Ko judo ka yi a wata makaranta, sai ka kawo shaida daga malaminka, mu kuma gwada ka mu gani. Balle wani wasa daban. Duk wanda ya shigo nan da farin bel yake farawa."

"Hwari?" in ji Armiya'u. "Ni? Faɗa ai faɗa na, ko an kama riga ko ba a kama ba. In soja ya canza bariki, kurtu shika komawa?"

"In soja ya koma tuƙin jirgi, sai ya koya daga farko, Baba."

Ana cikin haka koci ya tafa hannu, yara suka yi sahu. Anan muka ga al'adar wurin. Manyan bel ne a dama, ana gangarowa har zuwa fararen bel a can ƙarshe kusa da takalma. Kafin a fara komai, ƙanana kan juya su sunkuya wa manya ɗaya bayan ɗaya. Armiya'u ya bi sahun da ido har ya tsaya a kan mutum na huɗu, wanda ya sunkuyar da kai yana gumi. Mubashir ne.

"Tsaya," in ji Armiya'u. "Ke nan in na sa hwari, ni za ni sunkuya ma mijin ɗiyata?"

"A waje surukinka ne, shi zai durƙusa maka," in ji koci. "A kan katifa kuwa babbanka ne."

Na ga kunnuwan Armiya'u sun motsa. Mutumin da Mubashir bai taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar ɗaurin aure, shi ne zai sunkuya masa a gaban yaran unguwa. Ya ce sam, baƙin bel ɗinsa sai ya bi shi duk inda ya shiga. Koci ya ga furfurar gemunsa, ya yi masa sassauci. Ya ce Asabar ta sama ranar gwaji ce, iyaye ma kan zo kallo. In ya kawo shaida daga Masta Abbati, ya kuma nuna abin da ya iya, za a duba. In ba haka ba, ƙarshen sahu.

"Ka tanadi kujera ta biyu kusa da taka," in ji Armiya'u, ya juya shaddarsa na ƙara.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, saboda haka atisayen da ya fara washegari a kunnena aka yi shi, wani kuma a idona, don akwai turmin da nake takawa in leƙa. Ya rataye buhun dawa a reshen darbejiya, ya ja baya, ya yi wata ƙara, ya kai masa ƙafa. Buhun ya tafi a hankali, ya dawo da sauri, ya ɗauke shi ya zaunar cikin kwandon wanke-wanke. Rana ta biyu ya sake gwadawa da takalmi. Wannan karon buhun ya fashe, kajin unguwa suka taru kamar an yi musu gayya, har da akuyar liman da ta ƙetaro ta magudanar ruwa.

Matarsa Hindu tana bakin murhu, ba ta ko ɗaga kai ba. "Malam, in an gama karetin, wanga na tuwon sati biyu."

"Ke ba ki san aikin maza ba."

"Awo. Kaji dai sun sani."

Rana ta uku ya koma kan bulo. Bai nemi na siminti ba, tubalin ƙasa ya samo, ya kuma jiƙa shi tun safe a ɓoye, ina kallo. Ya ɗora shi kan duwatsu biyu, ya ɗaga hannu ya sauke. Ƙarar da ta biyo baya ba ta tubalin ba ce. Da ya gama tsalle-tsalle yana busa hannu, Hindu ta zo ta duƙa ta dudduba, ta miƙe ta ce, "Kwantar da hankalinka, Malam, tubalin lahiya lau yake. Ko ƙwarzane babu."

Da hannun a naɗe muka kama hanyar Shinkafi ranar Alhamis neman Masta Abbati. Na rufe tebur da wuri na bi shi, wai in taya shi hanya, amma gaskiya kallo na je. Wurin da ya ce nan ce makarantar mun tarar ya zama shagon cajin waya. Muka yi ta tambaya, ba wanda ya san wani Masta, sai wani tsohon mai faci ya ce in Abbati na gidan kallo muke nufi, ya daɗe da komawa Zurmi.

Muka shiga motar Zurmi. Hanyar nan kowa ya san halinta da 'yan bindiga, ba mai shigarta sai da addu'a a baki, motar tsit. Armiya'u ya waiwaya ya dubi fasinjoji ya ce, "Ku saki jikinku, jama'a. Akwai baƙin bel cikin motar ga. In wani abu ya taso, ku dai ku duƙa ku ba ni wuri."

Mun kusa Moriki tayar baya ta fashe da ƙara. Kafin direba ya gama taka burki, ƙofa a buɗe take, kujerar Armiya'u wayam. Sai da aka canza taya aka gama, sannan muka ga gero na motsi can cikin wata gona, ya fito da takalmi ɗaya, hula a hannu.

"Zagayawa niy yi in ɓullo musu ta baya," ya ce yana haki.

Wata tsohuwa da ke riƙe da kaza ta miƙa masa ɗaya takalmin. "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Ga abokin aikinka, shi yat tsaya yat tsare mu."

A Zurmi ma ba wanda ya san Masta. Malam Abbati ladan suka sani, wani dattijo siriri mai farin gemu da ke sayar da albasa a rumfa kusa da masallacin unguwarsu. Da muka yi sallama ya dubi cikin Armiya'u tukuna, sannan ya dubi fuskarsa, ya ce, "Armiya'u."

Armiya'u ya dube ni da alfahari. Ya zayyana masa abin da ya kawo mu, ya ce takarda yake so mai hatimi.

"Takarda kam ba mu taɓa yi ba," in ji Malam Abbati. "Amma kai, ka san yadda anka yi nib ba ka bel ɗin ga?"

"Wa ka mance wagga rana, Masta? In babu takarda, kai za ka zo da kanka ka hwaɗa musu."

"Ni yanzu na tsuhwa, ba ni ƙarya ko ta wasa. In anka tambaye ni, abin da yaf faru za ni hwaɗi."

"Shi nika so."

"To bari in hwaɗa maka shi nan tukuna, mu uku."

"Aje shi, Masta. Gaban jama'a ya hi daɗi."

Na ga yadda tsohon ya sunkuyar da kai yana juya albasa, na san akwai magana a ƙasa. Da ni mutumin kirki ne da na ja Armiya'u gefe na ce ya saurara. Sai na tuna shekara goma sha bakwai ina shan labarin bulo, na ja bakina na yi shiru.

Ranar Asabar da hantsi siton ya cika har taga. Armiya'u da kansa ya gayyato 'yan layin hatsi na Kasuwar Daji, ya kuma ɗauko mai kalangu ya raka shi tun daga ƙofar gida. Mata suna gefe guda kusa da ƙofa, ga Hindu, ga Asiya da goyonta. An sake zuba wa shaddar sitati, wannan karon har wandon ba ya lanƙwasuwa, sai ya riƙa tafiya ƙafa a ware. Malam Abbati yana zaune a benci kusa da ni da carbinsa.

Koci Sagir ya gaida dattijon, ya ce, "Malam, kai ka ba shi wannan bel?"

"Ni nib ba shi."

Mai kalangu ya buga, 'yan layin hatsi suka tafa.

"Kai kuma wa ya koya maka kareti?"

"Talabijin," in ji Malam Abbati. "Ni ka share gidan kallo a Shinkahi. Dut fim ɗin faɗa da anka sa sai na gane shi sau talatin. Samari sunka ce in koya musu, nik koya musu abin da nig gani."

Kalangu ya yi ƙasa kaɗan.

"Bel fa, ta yaya kuke bayarwa?"

"Ƙanena tela na. Ƙyallen da yar rage mishi, shi muka yankawa. In yaro ya zo mu auna ƙugunai, mu ba shi wanda yak kai. Wanga da yaz zo, munka gwada hwari bai kai ba. Munka gwada kore bai kai ba. Shuɗi ya kai, amma bai ƙullu ba. Sai wani dogon baƙin ƙyalle da yar rage daga hijabin wata Hajiya. Shi kaɗai yaz zagaye shi."

"To karetin nasa fa?"

"Wata ukku yay yi. Biyu shina jinyar yatsa."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ɗan layin hatsi sai da aka fitar da shi waje aka ba shi ruwa. Mai kalangu ya saɓa abinsa a hammata ya koma cikin 'yan kallo. Amma Armiya'u bai faɗi a nan ba. Ya ɗaga hannun nan mai bandeji ya ce, "Tsuhwa ta taɓa Masta, ku yi mishi uzuri. A bar magana a zo ga aiki. Ku ba ni mutum."

Koci ya ce ya zaɓa. Armiya'u ya bi sahu da ido, ya tsallake wani ƙato mai koren bel, ya tsallake wani mahauci, ya nuna Mubashir. Ranar kaɗai na ga Armiya'u ya yi dabara, kuma ban ji daɗinta ba.

Mubashir ya fito kamar wanda za a yi wa allura, idonsa a ƙasa. Koci ya ba da izini. Armiya'u ya miƙa yatsu biyu ya taɓa hannun rigarsa, sai ga Mubashir ya tashi sama ya juya ya faɗi tim. Aka tashe su aka sake. Wannan karon Armiya'u ƙara kawai ya yi, Mubashir ya kife. A karo na uku ko ƙarar ba a kai ga yi ba. Armiya'u ya sa hannu zai gyara wando, yaron ya zube.

"Wagga kareti ta iska ta," wani ya ce daga taga. "A matsa da yara kar ta same su."

Matsalar ita ce, kafin faɗuwa ta uku Armiya'u da kansa ya yarda ƙarfinsa ne ke kayar da yaron. Na ga idonsa ya canza. Ya juya ya fuskanci jama'a ya ce yanzu zai nuna musu tsallen Shinkafi, wanda rabon da a gan shi tun kafin a haifi kocin nan. Ya ja baya har bango, ya tofa yawu a tafi, ya taho da gudu. Ya yi tsalle, ba zan yi masa ƙarya ba, kaza za ta iya wucewa ta ƙarƙashinsa in ta sunkuya. Ƙafar dama ta so ta tafi sama, sitati ya ce bai yarda ba. Bel ɗin ya tsinke gida biyu, kowane ɓari ya kama gabansa, Armiya'u kuma ya sauka da bayansa gaba ɗaya. Tantabarun da ke rufin siton suka tashi, ɓawon gyaɗar da ya shekara hamsin a maƙale ya zubo mana a ka.

Sai muryar Hindu daga bakin ƙofa: "Koci, a duba katihwar, lahiya take?"

Dariya ta sake ɓarkewa, amma ba ta daɗe ba, don Koci Sagir bai yi ba. Mubashir ya ruga zai ɗaga surukinsa, koci ya dakatar da shi ya ce, "Mubashir, kwance bel ɗinka."

Yaron ya kwance, ya ninke shi da kyau, ya miƙa da hannu biyu. Asiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Mi yay yi?" in ji Armiya'u daga kwance.

"Ya kwanta da gangan sau uku ranar gwaji, a gaban jama'a," in ji koci. "Da a ce kai ɗalibina ne sabon shiga, babu laifi. Aikin babba ne ya riƙa faɗi wa farin bel don ya koya. Amma kai baƙo ne da ka zo da baƙin bel ka ce a gwada ka. Wannan yaudara ce, kuma mai yaudara ba ya zuwa Gusau da sunan makarantar nan."

Armiya'u ya daɗe a kwance yana kallon rufi. Ya juya kai ya dubi guntun ƙyallen da ke gefensa, ya dubi Mubashir da ke tsaye riga a buɗe, ya dubi wurin da 'yarsa take. Wata takwas yaron yana rufe gareji da wuri don wannan abu. Na ji tausayin Armiya'u ya kama ni a lokacin, ban kuwa so ba, don na zo ne in yi dariya.

"Ku tada ni," ya ce. Mutum uku suka tada shi. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga gemu, ya ce a hankali, "Kawo hwarin."

Koci ya ɗauko farin bel sabo fil ya zagaya masa. Bai kai ba. Ya ce ya ja numfashi ciki, ya ja har idonsa ya yi ja, saura taƙi guda.

"Na hwaɗa muku," in ji Malam Abbati. Ya ajiye carbi ya taso, ya karɓi fararen bel biyu ya ƙulla su baki da baki, ya ɗaura masa da hannunsa kamar yadda ya yi shekaru da yawa da suka wuce.

Tunda Armiya'u ya zama sabon shiga, koci ya mayar wa Mubashir bel ɗinsa, ya tafa hannu, aka yi sahu. Armiya'u ya taka har ƙarshe, ya tsaya kusa da takalma, gefen wani ɗan firamare da bai kai masa cibiya ba. Aka ce a gaida manya. Ya sunkuya wa na farko, na biyu, na uku, ya zo gaban Mubashir, ya sunkuya.

Gwiwoyin Mubashir ba su tambaye shi ba, suka kai ƙasa da kansu.

"Farin bel ne zai fi yin ƙasa," in ji koci.

Armiya'u ya durƙusa, wandon ya ce ƙyat. Mubashir ya ga kansa ya fi na surukinsa tsawo, ya dafa ƙasa da gwiwar hannu. Armiya'u ya dubi koci, koci ya girgiza kai, shi ma ya dafa. Haka suka yi ta gangarawa har dukansu biyu suka miƙe rub da ciki a kan katifa, kai kusa da kai. Duk da haka tumbin ya ɗaga Armiya'u sama da yaron, Mubashir kuwa yana ta ƙoƙarin shigewa cikin soson katifar.

"Tashi, ɗana," in ji Armiya'u.

"Sai ka tashi, Baba."

"Ni ba ni iya tashi. Tashi ka kama ni."

Anan Koci Sagir ya kasa, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Asiya ta buɗe fuska tana dariya tana share hawaye lokaci guda. Mubashir ya miƙe ya kama surukinsa ya tada shi, kuma ranar ce ta farko da na ga sun haɗa ido.

Mubashir ya je Gusau, ya zo na uku a gasar. Armiya'u kuwa yana nan ƙarshen sahu duk Litinin da Alhamis, ana koya masa yadda ake faɗuwa, koci ya ce yana da baiwa a nan. Na ɗauka teburina ya huta ke nan. Sai ranar Lahadi wani baƙon direba ya zauna a benci, Armiya'u ya matsa kusa da shi da kofinsa.

"Ka san judo?" ya ce. "Dut makarantar ga kowa bel guda gare shi, har kocin. Ni kaɗai anka ɗaura ma biyu, rana guda, gaban jama'a. Tambayi Magaji."

Direban ya dube ni. Na ce gaskiya ne, da idona na gani, na ƙara wa Armiya'u madara. Ranar Talata da direbobin Gusau suka cika benci, ina yanka burodi na ji bel ɗin sun zama huɗu.